Daga Ƙunshin Dillali Zuwa Fuskar Waya: Waiwaye a Kan Tarihin Tallar Gwanjo

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wasu ɗalibanmu mata guda biyu suka kawo mana ƙara har ofis. Ɗaya daga cikinsu ta ga hoton wata doguwar riga da 'yar'uwarta ta ɗora a waya tana talla, ta yaba, ta tura kuɗi. Da aka kawo mata rigar cikin leda sai ta tarar launinta ya saɓa da na hoto, ga kuma ɗinkin gyara a ƙarƙashin hammata wanda ba a ambata mata ba. Mai sayarwa ta kafe a kan cewa ai gwanjo ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai saye kuwa ta ce ita abin da aka nuna mata shi ta biya wa kuɗi. Mun samu mun sasanta su, amma abin ya tsaya mana a rai, domin kuɗin rigar bai kai na littafi guda ba, amma ya kusa raba zumuncin shekara uku.

Ba waɗannan biyu kaɗai abin ya shafa ba. Duk wanda yake zaune tare da ɗalibai a yau ya san cewa da yawa daga cikinsu da wannan 'yar sana'a suke biyan kuɗin ɗaki da na abinci. Saboda haka muka ga ya dace mu waiwaya baya, mu duba inda wannan haja ta fito, da hanyoyin da aka bi wajen tallata ta tun daga kasuwar Kurmi har zuwa kasuwar intanet. Fatarmu ita ce mu nuna cewa tambayar da ta haɗa ɗaliban nan faɗa tsohuwar tambaya ce, kuma magabata sun riga sun ba ta amsa.

Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi

Sayar da tufar da aka riga aka sa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kafin zuwan masaƙun zamani, riga dukiya ce. Sai an noma auduga, mata sun gurje ta sun kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya harhaɗa ƙwarya da ƙwarya, marini ya rina, mabugi ya buga. Idan kuwa riga ce mai aiki, irin su aska takwas, mai ɗinkin hannu yakan shafe watanni a kanta. Abin da aka sha wannan wahala a kansa ba a yar da shi don ya kwana biyu. Akan ci gadonsa, akan ba da shi jingina, sarakuna da attajirai sukan yi wa barorinsu kyautar kwance, idan kuma talauci ya ƙwanƙwasa ƙofa, akan miƙa wa dillali ya kai kasuwa ba tare da an san mai ita ba. Haka nan matan kulle suna da dillaliya, wadda take bin gida-gida da zannuwa da kallabi da kwanoni. Masaniya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan girman wannan ciniki na cikin gida wanda ido ba ya ganinsa a kasuwa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda aka tsare haƙƙin mai saye. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya sauka Kano a 1824, ya kuma bayyana abin da ya gani a kasuwarta. Ya ce akan rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi na riga ko turkuɗi. Idan falke ya ɗauki ƙunshin bai kwance ba har ya kai Barno ko wata ƙasa mai nisa, can ya buɗe ya tarar kayan ba su kai yadda aka ce ba, sai ya mayar da su Kano. Dole ne dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi kuma dokar gari ta tilasta masa ya mayar da kuɗi. A 1851 Heinrich Barth ya zo ya tarar tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Ba ma shakkar cewa waɗannan abubuwa biyu suna da dangantaka. Kaya ba sa tafiyar watanni a bayan raƙumi a ƙunshe sai idan mai saye ya amince da bakin da ya siffanta masa su.

Wannan doka tana da tushe a cikin fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, a babin ciniki, ya hana algus da yaudara da ɓoye aibin haja, ya kuma ba wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ke nan tun a wancan zamani an san cewa siffanta haja ɗaukar alkawari ne.

Yadda Tsofaffin Tufafin Turai Suka Zama Haja

Su ma ƙasashen Turai sun daɗe da nasu kasuwannin kwance. A birnin Landan akwai layin Petticoat da unguwar Houndsditch, a Faris kuma akwai kasuwar Temple, inda talakawa suke sayen abin da masu hali suka tuɓe. A 1813 wani mutum mai suna Benjamin Law, a garin Batley na ƙasar Ingila, ya ƙirƙiro hanyar yayyaga tsofaffin tufafin ulu a sake kaɗa su a yi sabon yadi mai araha. Daga nan tsumma ya zama abin da ake tarawa, a tantance, a auna, a sayar da nauyi.

Mataki na biyu ya zo ne ta hannun ƙungiyoyin agaji. A 1902 wani limamin coci, Edgar Helms, ya fara tattara tsofaffin kaya daga gidajen masu kuɗi na birnin Boston a Amurka, ana gyarawa ana sayarwa, abin da ya zama ƙungiyar Goodwill. A Ingila kuma ƙungiyar Oxfam, wadda aka kafa a 1942, ta buɗe kantinta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami rarar kayan soja masu ɗimbin yawa, sannan tufafin kanti suka yi ta ƙara araha a ƙasashen Yamma, mutane suna saye suna tuɓewa tun ba su tsufa ba. Kyautar da ake kai wa ƙungiyoyin nan ta fi ƙarfin kantunansu. Kaso kaɗan suke iya sayarwa a gida, sauran kuwa sai su sayar wa kamfanonin da ke tantancewa. A can ne ake ware riguna daban, wanduna daban, kayan yara daban, a ba kowane kashi daraja, a matse da inji a ɗaure da ƙarfe ya zama dila mai nauyin kilo 45 ko 55, a loda a kwantena a nufo gaɓar tekun Afirka. Abin da Bature ya bayar sadaka, kafin ya iso hannunmu ya riga ya bi ta hannun 'yan kasuwa uku ko huɗu.

Sunayen da al'ummu suka raɗa wa wannan haja suna da ban sha'awa ga ɗalibin harshe. A Gana, masu magana da harshen Akan suna kiranta obroni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu, domin sun kasa yarda cewa mai rai zai rabu da tufa mai kyau haka. A Kenya da Tanzaniya mitumba ake cewa, ma'ana diloli. A Zambiya kuwa salaula ce, wato tona tsibi a zaɓa, kuma da wannan suna ne Karen Hansen ta kira littafinta na shekarar 2000 a kan wannan kasuwanci. Wasu sun dubi asalin kayan, wasu ɗaurinsu, wasu kuma yadda ake sayensu. Bahaushe ya dubi yadda ake sayarwa. Ma'anar gwanjo ta farko ita ce cinikin da ake yi a bainar jama'a, kowa ya taya, wanda ya fi tsoka ya ɗauka, kamar yadda ake yi da kayan gado ko kayan da kotu ta ƙwace. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da kalmar gbanjo da wannan ma'ana.

Daga Okirika Zuwa Ƙofar Wambai

A kudancin Nijeriya sunan da ya fi yaɗuwa shi ne okirika, kuma ana danganta shi da garin Okirika da ke bakin ruwa kusa da Fatakwal, inda aka ce ta nan ne diloli suka riƙa shigowa a wajejen shekarun 1950. 'Yan kasuwar Ibo, musamman mutanen Abiriba, su ne suka yi fice a harkar tun farko. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa wannan tsari, sannan a cikin shekarun 1970 gwamnati ta haramta shigo da gwanjo domin kare masaƙun gida. Haramcin bai kashe cinikin ba, hanya kawai ya sauya masa. Manyan dillalan suka koma Kwatano da Lome, inda doka ba ta hana ba, kasuwar Misebo ta Kwatano ta zama matattara, kaya suka riƙa tsallako iyaka ta Seme da Idiroko, wasu kuma su haura Jamhuriyar Nijar su gangaro ta Maraɗi da Birnin Ƙonni. Ta haka aka sami kasuwannin da kowa ya sani a yau: Katangowa da Yaba a Legas, Ƙofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna, da Katako a Jos.

Shekarar da ta mayar da gwanjo tufar kowa ita ce 1986. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja a farashin gwamnati. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki, aka buɗe kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba na 1986, sai dala ta koma wajen naira 4, kafin 1993 kuma ta kai kusan naira 22. Albashi bai bi sawun farashi ba. Malamin makaranta da akawu da ma malamin jami'a, waɗanda a da suke shiga manyan kantuna, suka fara zagayawa layin 'yan gwanjo da magariba don kada a gane su.

A daidai lokacin ne kuma masaƙunmu suka fara durƙushewa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL da aka kafa a 1964 ita ma ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Sau da yawa akan ɗora wa gwanjo laifin wannan, amma adalci shi ne a ambaci rashin wutar lantarki, da tsadar man injuna, da lalacewar noman auduga, da kwararowar sababbin yadudduka masu araha daga Asiya, musamman bayan ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997. A ƙasar Hausa ma gwanjo bai ture kaftani da atamfa ba, domin waɗannan tela ne yake ɗinka su. Ta wasu ƙofofi ya shigo mana: kayan yara, rigunan sanyi da barguna lokacin hunturu, labule, takalma, jakunkunan makaranta, da ƙananan kaya na samari.

Wasu ƙasashen sun gwada rufe ƙofar gaba ɗaya. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka amince za su hana shigo da gwanjo kafin 2019. Da Amurka ta yi barazanar janye musu rangwamen ciniki na AGOA sai sauran suka ja da baya, Ruwanda kaɗai ta tsaya a kan ƙarin harajin da ta yi, aka kuwa dakatar da rangwamen tufafinta a 2018. Wannan ya nuna mana cewa tsibin kayan da muke tsugunawa a gabansa yana da iyayen gida a nesa.

Tallar Baki da Shaidar Hannu

A kasuwar ƙasa, cinikin gwanjo yana da tsarinsa. Da sassafe ake fasa dila, masu shaguna su yi zaɓen farko su biya da tsada, sai masu zaɓe na biyu, abin da ya rage a zube a kan leda a yi masa kuɗi ɗaya. Mai talla yakan hau kan benci, wani da ƙararrawa a hannu, yana ɗaga riga yana yi mata kirari, yana zolayar masu wucewa, yana rantsuwa cewa faɗuwa yake yi. Wannan fage ne na adabin baka wanda har yanzu ba mu ba shi haƙƙinsa na nazari ba, domin akwai kambamawa a cikinsa, da habaici, da barkwanci, da gwamutsa harsuna uku a jimla guda.

Sai dai ya kamata mu lura da dalilin da ya sa wannan kambamawa ba ta cutar da kowa. Mai saye yana tsaye a wurin. Zai ɗaga rigar ya duba ta a hasken rana, ya ja ɗinki ya ji ƙarfinsa, ya juya ciki ya duba wuya da hammata, ya shinshina, ya naɗa ƙugun wando a wuyansa don ya gane ko zai shige shi. Bayan haka ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama. Baki yana ta zuba, amma ido da hannu su ne alƙalai, kuma gani ya kori ji. Kowa ya san kirarin ɗan gwanjo wasa ne, shi ya sa ba a kai shi ƙara a kansa.

Wanda ba shi da wannan gata shi ne mai sayen dila. Shi kam cinikin biri a sama yake yi, domin sai ya biya kafin a yanke ƙarfe. Takardar da ke manne a jiki tana iya cewa lamba ɗaya ce, ya buɗe ya tarar rabi tsumma ne. Ƙungiyar Or Foundation, wadda take aiki a kasuwar Kantamanto ta birnin Akara, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ne suke shiga kasuwar a kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a juji. Wannan kasuwa ce gobara ta cinye mafi yawanta a farkon Janairun 2025.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan matsala a wata maƙala ta 1970, wadda tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Da tsofaffin motoci ya yi misali. Idan mai sayarwa ya san aibin hajarsa, mai saye kuwa ba shi da hanyar sani, to mai saye zai riƙa taya kowace haja da farashin mai aibi. Mai kaya na ƙwarai sai ya ga ba riba ya janye, kasuwa ta rage daga marasa kyau sai marasa kyau. Maganin abin shi ne a sami wani wanda sunansa zai tsaya a madadin ido. Abin da Abner Cohen ya tarar ke nan a Sabon Ibadan, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969: fataken shanu da na goro suna ba da kaya bashi ga mutanen da ba su sani ba, saboda maigidan da ya saukar da su ya tsaya musu, shi kuma ya san ranar da amanarsa ta karye, ranar ce gidansa zai zama kango.

Kasuwar da Ba Ta da Rumfa

Abin mamaki, ɗaya daga cikin kasuwannin intanet na farko da gwanjo ta fara, a ma'anarsa ta asali. A watan Satumba na 1995 Pierre Omidyar ya buɗe wani dandali a Amurka inda mutum zai sa kayansa jama'a su yi ta tayawa, wanda daga baya aka sa masa suna eBay. Daga cikin abubuwan farko da aka sayar akwai wani ɗan tocilan nuni da ya lalace, wanda Omidyar ya bayyana a fili cewa ba ya aiki, amma duk da haka wani ya saye shi dala 14 da santi 83. A 1996 aka ƙara wani sashe inda mai saye zai rubuta yadda ya sami mai sayarwa, kowa ya gani. Idan muka duba da kyau, wannan shi ne sunan dillali a cikin ƙunshi, ya dawo cikin sabuwar kama.

Daga nan aka sami dandalolin da suka keɓanta da tufafi. An kafa Vinted a birnin Vilnius na Lituweniya a 2008, ThredUp a 2009, Poshmark da Depop a 2011, kuma a 2021 kamfanin Etsy ya sayi Depop a kan dala biliyan 1.6. A Nijeriya wayar salula ta shigo a 2001, aka buɗe Jiji a Legas a 2014, wanda ya haɗiye harkar OLX ta ƙasar nan a 2019. Amma mafi yawan cinikin gwanjonmu a Instagram da WhatsApp da Facebook da TikTok ake yinsa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da zaman gida na annobar korona a 2020, da faɗuwar naira bayan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, duk sun tsauwala kuɗin dila, sun kuma tura matasa ga wata dabara: su je kasuwa su tsinto guda ashirin masu kyau, su wanke, su goge, su ɗauki hoto, su aika wa mai saye ta hannun ɗan acaɓa ko direban tasha.

A nan ne matsalar take. Mai talla ya taho da kirarinsa na kasuwa, amma mai saye ya baro idonsa da hannunsa da hancinsa a baya. Yanzu kowane mai sayen riga guda ya koma matsayin mai sayen dila, sai ya biya kafin ya gani. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Abin da Tarihi Yake Koya wa Mai Talla

Darasi na farko shi ne hoto ya yi aikin da rana take yi a kasuwa. A ɗauke shi da hantsi a inuwa mai haske, a kan bango ko zane marar ado, ba tare da an shafa masa kwalliyar da waya take yi ba. A nuna gaba da baya, da wuya, da takardar kamfani, da takardar da ke faɗin irin zaren. Inda duk mai saye zai kai hannu da yana nan, can ya kamata kyamara ta je.

Na biyu, awo ya maye gurbin gwaji. Lambar da ke jikin riga ba abin dogaro ba ce, domin dila guda takan haɗa kayan ƙasashe da yawa, kuma rigar mata mai lamba 12 a Ingila ita ce wajen 8 a Amurka, ga shi kuma wanki yakan sa tufa ta tsuke. A shimfiɗa ta a ƙasa a sa tef ɗin tela, a rubuta faɗin ƙirji da ƙugu da tsawo da hannu da inci.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe. Na'urar bincike ba ta san kirari ba, suna take nema. Wanda ya rubuta cewa kaya ne na gani na faɗa bai gaya wa kowa komai ba, amma wanda ya rubuta rigar sanyi ta yaro ɗan shekara 6, ta ulu, ruwan toka, ya riga ya yi rabin ciniki. Hausa ba ta gaza ba wajen kalmomin launi: akwai ruwan hoda, ruwan goro, ruwan ƙwai, ruwan ƙasa, makuba, algashi, shuɗi. Da ɗalibarmu ta rubuta makuba a ƙarƙashin hoton da ya fito ja, da rabin rigimar bai taso ba.

Na huɗu shi ne faɗin aibi. Tabo, ɓula, maɓallin da ya ɓace, zif mai cijewa, ɗinkin gyara, duk a ambata a kuma nuna. Mai talla yana tsoron kada wannan ya kori mai saye, alhali labarin tocilan Omidyar ya nuna akasin haka. Wanda ya faɗi aibin riga ɗaya, za a yarda da shi ranar da ya ce wata ba ta da aibi. Kalmomin nan na kamar sabuwa da sawa ɗaya sun riga sun lalace saboda yawan aro, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne a kasuwar da mai saye zai iya ɗaukar hoton abin da aka aiko masa ya watsa wa duniya cikin minti guda.

Na ƙarshe, a rubuta farashi a fili tare da kuɗin aike, a kuma faɗi sharaɗin mayarwa tun kafin a karɓi kuɗi. Mai talla ya tsaya a kan suna guda da lamba guda, kada ya riƙa sauya su duk lokacin da aka yi kuka da shi. Jarin ɗan gwanjon waya bai wuce wannan suna ba, domin ba shi da rumfar da za a zo a same shi.

Kammalawa

Mun ga yadda tufar kwance ta taso daga hannun dillali da dillaliya, ta haɗu da dilolin Turai da suka biyo ta Okirika da Kwatano, ta zama sutura ga talaka da ma'aikaci bayan 1986, har ta hau waya a zamaninmu. A duk waɗannan matakai, cinikin yakan yi albarka ne idan mai saye yana iya gani da idonsa, ko kuma akwai wani mai suna da ya tsaya a madadin idon. Kanawan da Clapperton ya tarar a 1824 sun fahimci haka ba tare da kwamfuta ba.

Muna kira ga ɗalibanmu masu wannan sana'a da kada su ji kunyarta, domin sana'a ce mai asali, kuma ta rufa wa miliyoyin mutane asiri. Muna kuma kira ga masu neman batun kundin kammala digiri da su ɗauki rikoda su nufi Katangowa ko Sabo, su tattaro kirarin 'yan gwanjo tun masu yinsa suna kan benci. Game da ɗalibanmu biyu kuwa, mai sayarwa ta mayar da kuɗin, ta sake ɗora hoton rigar tare da ambaton gyaran da ke hammata, ta rage naira 500. Wata ɗaliba daga sashen Tarihi ta saye ta a wannan makon.